Mai Gyaran Irin Wake A Samaru

Duk wanda ya taɓa karya kumallo da ƙosai a Abakpa, cikin Kaduna, ya san wake ba abin rainawa ba ne. Amma kaɗan ne suka san wahalar da manomi ke sha kafin mudu guda ya iso kasuwa. Akwai wata tsutsa da masana ke kira Maruka, mai cin furen wake da huda kwansonsa. Shekarar da ta yi yawa takan lalata har kashi 80 cikin 100 na amfanin gona.

Wanda ya shugabanci yaƙi da ita a ƙasar nan shi ne Farfesa Muhammad Faguji Ishiyaku, na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, kusa da Zariya, inda ake gwajin iri tun 1922. Da fari ya yi bincike ne a kan yadda wake ke gadon lokacin yin fure, sa'an nan ya juya kan tsutsar.

Masana sun duba dubban ire-iren wake, ba su sami wanda ya gagare ta ba. Sai aka ɗauko ƙwayar gado daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa, wadda ke kashe tsutsar, aka dasa ta cikin wake a Ostareliya. Daga 2009 Malam Ishiyaku da abokan aikinsa suka shiga gwada shi a killatacciyar gona a Samaru, suna barbararsa da irin da manoma suka saba da shi. Sai a Disamba 2019 aka amince a ba manoma sabon irin, mai suna SAMPEA 20-T. Maimakon feshin magani sau shida ko takwas, sau biyu ya isa. Haƙuri dai shi ne maganin duniya.

A shekarar nan ta 2019 kuma, masana a Kalifoniya ta Amurka da abokan aikinsu suka bayyana rubutun gadon wake, watau haruffa sama da miliyan 500. Ba wani magatakarda da zai iya jera su da alƙalami, sai kwamfuta. Da wannan sani, mai gyaran iri kan gwada ganyen tsiro ya gane halin da ya gada tun bai yi fure ba.

To, malaman makaranta, ga naku. Yaron da kuka ga yana son gona, ku tsare shi da lissafi ƙwarai, gama aikin iri yanzu ba ya yiwuwa sai da shi.