Inuwa da fili: abubuwan da ya kamata ka sani game da wuraren hutun jama'a a Anka, Gummi da Bukkuyum

Baƙon da ya shiga Anka ko Gummi yana cigiyar lambun shaƙatawa mai shinge da mai karɓar kuɗin shiga, irin gidan zu na Audu Bako a Kano, zai sha yawo. Ba wai babu wurin hutun jama'a ba ne. Akwai shi tun kafin zuwan Turawa, siffarsa ce daban.

Ina wuraren suke?

Ƙofar fada, filin idi, dandali, gindin durumi ko tsamiya a bakin kasuwa. A Anka, inda zuriyar sarakunan Zamfara ta zauna bayan jihadin 1804, filin gaban fada nan ne matattarar gari ranar salla. A Gummi kuwa, da rani, ka gangara fadamar Gulbin Zamfara: kwamin albasa da tattasai, injin ban ruwa na ruri, an shimfiɗa buhu ƙarƙashin mangwaro, manomi da mai wucewa kowa ya miƙe ƙafa. Lambun da mai shi, amma ba a hana inuwa.

Bedi baƙo ne

Itacen da ya fi yawa a titunanmu yau, bedi ko dogon yaro, asalinsa Indiya. A 1928 aka fara dasa shi a Borno, daga baya En'e ta jera shi a hanyoyi da makarantu da kasuwannin Arewa. Yana saurin girma, yana jure fari. Kuka da tsamiya da ɗorawa kuwa sai jikokin mai dashe su more, shi ya sa idan gatarin mai gawayi ya kayar da su ba a mayarwa.

Me gubar dalma ta nuna?

Nan ne maganar ta fi nauyi. A 2010 aka gano yara suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma. Duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gida da cikin gari suna ɗauke da dalma, ƙurar ta sauka a tsakar gida da filin wasa. Yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa, ya kai hannu baki. Yara fiye da 400 suka rasu. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun ba da magani, amma magani ba ya amfani idan yaron zai koma kan ƙasar nan. Dole aka kankare saman ƙasa a gidaje da filayen gari, aka zuba mai tsabta. Ƙauyen Bagega kuwa sai a 2013 aikin ya isa gare shi. Ashe filin da ake gani kamar banza, lafiyar yaran gari a kansa take.

Da 'yan bindiga suka tarwatsa ƙauyuka kuma, harabar sabuwar fadar da ba a gama ginawa ba a Anka ita ta zama mafakar 'yan gudun hijira.

Wa ke da alhakin kula?

A takarda, ƙaramar hukuma. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora mata kula da lambuna da filayen jama'a. A aikace, yawancinsu al'ada ce kawai ke tsaronsu, ba awo, ba shaidar mallaka. Yau a kafa rumfa a gefe, gobe a zuba bulo, jibi ya zama shago. A ganina wannan ya fi fari ɓarna.

Zamfara na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Koriyar Ganuwa mai yaƙi da hamada, kuma bikin dashe ba ya wuya da damina. Aikin yana cikin Maris da Afrilu, lokacin da dashen ke buƙatar kewayen ƙaya saboda awaki, da mai kai masa ruwa safe da yamma.