Uwargida, Kishin Ƙasa Daga Tsakar Gida Yake Farawa

 Yau zancenmu a kan yaran firamare ne, kuma daga Dirin Daji, hedkwatar ƙaramar hukumar Sakaba a masarautar Zuru, za mu ɗauko misali.

A ƙasar Zuru za ki iske Dakarkari da Kambari da Dukawa da Fulani da Hausawa, Musulmi da Kirista, kasuwarsu ɗaya. Tun da Janar Obasanjo ya buɗe shirin ilmin firamare kyauta cikin 1976, lokacin Dirin Daji tana cikin Jihar Sakkwato kafin a yanke Kebbi a 1991, 'ya'yan waɗannan kabilu suke zama a benci ɗaya. Kowace safiya sukan yi layi, su rera taken ƙasa, su ɗauki alkawarin yi mata biyayya.

To, amma me yaron yake ji idan ya komo gida? In malami ya ce masa duk 'yan Nijeriya 'yan'uwa ne, ke kuwa kika ce kada ya ci abinci da ɗan gidan wane, maganarki zai ɗauka, domin a bakinki ya koyi magana.

Abin ya fi muhimmanci yanzu, tun da ɓarayin daji suka tashi ƙauyuka da yawa a wannan yanki, iyalai suka gudo cikin gari. Yaron da ya baro gidansu da gonarsu ba ya bukatar a riƙa kiransa ɗan gudun hijira a filin wasa. Ki tambayi ɗanki ko akwai baƙo a ajinsu. In akwai, ki ƙara ƙosai biyu a cikin na tara, ki ce su raba.

Aikin haɗin kai ba baƙon abu ba ne a nan. Dakarkari suna da golmo, inda samari kan haɗu su yi wa surukin ɗayansu noma shekara da shekaru. Hausawa kuma suna da gayya. Saboda haka idan an ce yara su share harabar makaranta ko su shayar da itatuwan da aka dasa, kada ki je ki yi wa hedimasta faɗa wai an sa ɗanki wahala. Ki nuna masa rijiyar unguwa da bencin aji kayan kowa ne, wanda ya ɓata su ya cuci kansa. In an kira taron iyaye da malamai, ki nemi izinin maigida ki halarta.

Ku kuma 'yan mata 'yan makaranta, ƙannenku ku suke kallo. Ki riƙe hannun ƙaramin da ke bin hanyarku, ko ba ɗan gidanku ba ne, ki kai shi har ƙofar ajinsu. Ɗa na kowa ne, icce kuma tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa.