Tsokar Jikinka: Wane Ciwo Ne Na Hutu, Wane Ne Na Asibiti?

Wannan shi ne taƙaitaccen bayanin shirinmu na lafiya na wannan mako, don wanda shirin ya wuce shi yana daji da shanu, ko yana kan hanyar Maraɗi zuwa Jibiya da kaya.

Malam makiyayi, kai ba baƙon tsoka ba ne. Duk ranar da aka yanka rago ka ga jan naman da ke manne da ƙashi, ka ga farar agara da ta ɗaure shi a gaɓa. To, haka naka jikin yake. Tsokokin da ke motsa ƙasusuwan ɗan Adam sun haura 600, kuma a jikin namiji baligi sun kai kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinsa. Zuciya ma tsoka ce, haka bangon hanji, sai dai su ba sa jiran umurninka, kana barci suna aiki.

Tsoka ja kawai ta iya, kamar igiyar guga. Ba ta turawa. Shi ya sa suke aiki biyu-biyu. Lanƙwasa hannunka yanzu ka taɓa damtsenka: ta gaba ta taru ta yi tauri, ta baya ta saki. Miƙe hannun, sai su yi musaya. Umurnin kuwa daga ƙwaƙwalwa yake tasowa, ya bi ta laka, ya bi ta jijiyoyi masu kai saƙo har ya iso. Kafin tsoka ta amsa, tana bukatar abinci da iskar da jini ke kawo mata, da ruwa, da sinadaran gishiri. Kusan kashi uku cikin huɗu na tsoka ruwa ne.

Ka san dalilin da ya sa ake ba dabba kanwa, ake kai garke lasar gishiri Ingal a ƙarshen damina. Kai ma jikinka na nema. Idan ka wuni a rana kana gumi, ruwa da gishiri kake zubarwa tare. Gudawa da amai ma haka suke yi. Daga nan sai ka ji sha-raɓa ko cinya ta ɗaure tamau. In ta kama ka, koma inuwa, miƙe ƙafar, jawo yatsun zuwa wajenka a hankali, ka murza wurin. Sannan ka haɗa ruwa mai tsabta lita 1 da sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali, ka riƙa kurɓa. Kada ka ƙara gishirin da sunan ƙarfi, yawansa cutarwa yake.

Ku kuma masu lodi da sauke buhuna, ciwon da ke zuwa kwana ɗaya ko biyu bayan aiki mai nauyi, ƙananan zaruruwan tsoka ne suka ɗan yage, kuma jiki na gyara su da kansa idan an huta an ci abinci. Wajen ɗaukar buhu, durƙusa da gwiwa, jawo kayan kusa da jiki, bari cinyoyi su ɗaga. Wanda ya sunkuya ya fizga, bayansa zai biya. Maganar Tramol kuwa, gaskiya ɗaya ce: ba ta ƙara wa tsoka ƙarfi, ciwon take rufewa. Kana ci gaba da yaga naman ba ka ji, kuma yawan shanta na jawo jijjiga irin ta farfaɗiya.

Amma fa akwai alamun da hutu da tausa ba sa yi musu magani.

Na farko, idan bayan wahala a zafin rana jiki ya yi tsami sosai, fitsari ya koma launin baƙin shayi, tsoka ce ke lalacewa, kuma abin da take zubarwa cikin jini na iya kashe ƙoda. Asibiti a ranar.

Na biyu, cutar sarƙe-haƙora, wadda likitoci ke kira tetanus. Ƙwayarta na zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, wato inda kake takawa kullum. Ƙaya ko ƙusa ko ƙaho ya huda ka, sai ta shiga. Dafinta yana toshe saƙon da ke ce wa tsoka ta saki, sai muƙamuƙi ya ƙi buɗuwa, wuya da baya su sandare. Takan ɗauki kwana 3 zuwa 21 kafin ta bayyana, har ka manta da raunin. Wanke ciwo da ruwa da sabulu nan take, kada a shafa masa kashin shanu ko ƙasa, haka ma cibiyar jariri, sannan a je a yi allura.

Na uku, yaron da ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya. Ana iya samun shan-inna, wadda ke lalata jijiyoyin laka masu kai wa tsoka saƙo. A 2020 an bayyana cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar, amma har yanzu ana samun wani nau'inta a yankinmu, shi ya sa masu ɗigon rigakafi ke bin rugage da kasuwannin iyaka. Ku tsayar da yara a ɗiga musu, ko kuna wannan gefen ko wancan.

Na huɗu, babba da bakinsa ya karkace, magana ta harɗe, ɓarin jiki ɗaya ya mutu. Nan tsokar lafiyarta lau, ƙwaƙwalwar da ke aiko saƙo ce ta samu matsala, galibi saboda hawan jini. Kada a tsaya tausa, a nemi mota.

Gobe kafin ka kora shanu ko ka ɗaura kaya, cika gorarka, ka sa ƙullin gishiri da sukari a aljihu. Sai mun haɗu a shirin mako mai zuwa. A sauka lafiya.