Gargaɗi a Cikin Suna: Tsirrai Masu Guba a Bakin Hausawan Fezzan, Maiduguri

1.0 Gabatarwa

Unguwar Fezzan ta samo sunanta daga yankin Fezzan na ƙasar Libiya, inda fataken Larabawa suka riƙa fitowa zuwa Borno. A yau Barebari da Shuwa da Hausawa ne ke cuɗanya a cikinta, kuma Hausa ta zama harshen ciniki. Zaman da na yi a Maiduguri ya nuna mini cewa da yawa daga masu amfani da sunayen tsirrai na Hausa ba su lura da gargaɗin da ke ƙunshe a cikinsu. Wannan maƙala za ta dubi yadda aka gina sunayen, da haɗarin da ke biyo bayan rashin fahimtarsu.

2.0 Sunaye Masu Faɗar Illa

Tun a 1916 J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa. A cikin irin waɗannan sunaye akwai harɗaɗɗu masu farawa da aikatau, kamar haka:

(1) haukata-yaro, wato zaƙami
(2) ci-ni-da-zugu, ko bi-ni-da-zugu

Zaƙami, wanda masana tsirrai ke kira Datura, yana fitowa a kan juji. 'Ya'yansa na ɗauke da sinadaran atirofin da sikofolamin, masu busar da maƙogwaro, su buɗe ƙwayar ido, su gusar da hankali, wani lokaci har su yi kisa. Misali na (2) kuwa ya dogara ne ga kalmar zugu, farin ƙyallen saƙi da ake yin likkafani da shi. 'Ya'yan itacen suna da gardi, shi ya sa yara ke cin su, sai amai da zawo mai tsanani su biyo baya. Wanda bai san zugu ba, bai ji gargaɗin ba.

3.0 Jingina ga Dabba

Hanya ta biyu ita ce ɗaukar sunan abin ci a jingina shi ga dabbar da ake ƙyama:

(3) gautan kura
(4) albasar kura
(5) laimar kwaɗi

A (3) da (4) kura na nufin "ba na mutane ba". Mai koyon Hausa kan riƙe gauta ko albasa, ya yar da rabin da ke tsare ransa.

4.0 Inda Harshe Ya Gaza

Wasu sunayen siffa kawai suke bayyanawa. Idon zakara na kwatanta ƙwayar ja mai ɗigon baƙi, alhali tauna ta na iya kashe mutum. Matsalar ta fi tsanani a laimar kwaɗi, domin suna ɗaya ya haɗa mai ciwuwa da mai kisa. Wasu nau'o'in Amanita ba su nuna alama sai bayan awa 6 zuwa 24, sannan su lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe gubarsu.

5.0 Kammalawa

Mun ga cewa sunan tsiro taska ce ta ilimin kare kai, amma ba ko'ina ta wadatar ba. Ya kamata masu tsara ƙamus su riƙa nuna guba a kowace shigarwa, tare da takwarorin sunan a Barbarci da Larabcin Shuwa. Wanda ya ci irin waɗannan tsirrai a hanzarta kai shi asibiti, haɗe da ragowar abin da ya ci.