Matokarin Taga a Gidan Gungume

Duk wanda ya duba tagogin ajinmu zai ga wani siririn ƙarfe mai huji-huji a ƙasan ƙyauren taga. In an buɗe taga sai a saƙala ɗaya daga cikin hujin a kan ɗan turken da ke gindin firam. Wannan ƙarfe shi muke kira matokari. Ba don shi ba, da iskar hunturu ta gama da gilasanmu tun zangon farko. A ginin bulo sa shi ba wuya. Amma akwai irin gidan da sai kafinta ya yi tunani kafin ya ɗaura sukuru ko ɗaya, wato gidan gungume.

Irin wannan gida ana samunsa a ƙasashe masu sanyi da yawan kurmi, kamar Finland da Suwidin da Rasha da Kanada. Ana kwantar da gumagumai ne ɗaya bisa ɗaya, a sassaƙe bakinsu su kama juna a kusurwa. Mutanen Suwidin da Finland da suka fara sauka a bakin kogin Delaware a 1638 sun kai wannan gini Amurka, kuma a irinsa aka haifi Abraham Lincoln a jihar Kentucky a 1809.

To, ga inda gizo ke saƙar. Itace in yana bushewa kaurinsa yake raguwa, tsawonsa kuwa kusan bai canzawa. Tun da gumaguman a kwance suke, bangon duka sai ya riƙa sauka a hankali har 'yan shekaru, ga kuma nauyin rufi da dusar ƙanƙara suna danna shi. In da ɗanyen itace aka yi ginin, bango mai tsayin ƙafa 8 yana iya sauka kusan inci 6. Firam ɗin taga kuwa katakansa na gefe a tsaye suke, ba za su bi shi ba. Saboda haka magina sukan bar sarari a saman firam, su cusa abu mai laushi kamar ulu don tare sanyi. Sukan kuma fafe kwari a bakin gumaguman, su zura katako a ciki, a jikinsa ake kafa firam. Ta haka bango zai zame ƙasa, taga na nan inda take.

Yanzu sai matokarin. Mukan fara da rufe taga ruf, mu ɗora ƙarfen a katakon ƙasa na ƙyaure, mu yi alama da fensir. Dole a huda ɗan rami kafin a sa sukuru, domin katakon siriri ne, yana tsagewa kusa da gilashi. Bayan nan a kafa turken a gindin firam yadda ƙarfen zai kwanta a kansa daidai taga na rufe. A ɗaura sukuru ɗaya tukuna, a buɗe a gwada kowane huji, sa'an nan a ƙarasa.

Kuskuren da ya fi tsada yana zuwa ne da matokari mai ƙugiya, wanda ake sawa a gefe. Mai gaggawa sai ya kafa ƙugiya a ƙyaure, zobenta kuma a jikin gungumen bango, don ya ga itacen ya fi ƙarfi. Ranar zai yi kyau. Bayan shekara guda bango ya sauka da zoben, ƙugiya ta daina shiga, ko kuwa ta ja ƙyauren ya karkace har gilashi ya tsage cikin tsananin sanyi. A ganinmu gara zoben ya zauna a jikin firam, ko da sai an sayi gajeriyar ƙugiya.

In kuma taga ta soma cijewa bayan sanyin farko, kada a yi saurin kankare ƙyaure ko matsar da turke. A cire katakon da ya rufe saman firam a duba ko sararin nan ya cike. In ya cike, gungumen sama ne za a rage.