Kwanon Kwikwiyo: Yadda Ake Zaɓen Abinci da Yadda Ake Sauya Shi

Kiwon kare a ƙasar Hausa ya daɗe a hannun mafarauta da makiyaya, amma matsalar tsaro ta shigar da shi gidaje da gonaki da ma'aikatu a Kano da Kaduna da Jos da Abuja. Magidanci zai kashe kuɗi mai yawa ya sayo ɗan kwikwiyon German Shepherd ko Rottweiler ko Boerboel, ya gina masa keji, ya sayo sarƙa, sannan ya bar maganar abinci a hannun yaron gida, ko a hannun mai shago da ke son ya rabu da buhun da ya daɗe a kan kanta. Daga nan matsala take somawa. Karen da ake fatan ya tsare gida shekara goma, a watanninsa na farko ake gina ƙashinsa da tsokarsa da hanjinsa, kuma abin da ya lalace a wannan lokaci ba kasafai yake gyaruwa ba. Saboda haka abincin kwikwiyo ana zaɓensa ne da la'akari da shekarunsa da irin girman da zai kai, kuma in an tashi sauya shi, a sannu ake yi.

Kwikwiyo yakan ninka nauyin da aka haife shi da shi cikin kwana goma na farko, kuma muddin yana cikin ganiyar girma, kowane kilo na jikinsa yana bukatar kuzari kusan ninki biyu na abin da babban kare ke bukata. Nonon uwa ke ɗaukar wannan nauyi har zuwa mako 3 ko 4, lokacin da yake fara lasar abinci mai ruwa-ruwa, sannan a kammala yaye tsakanin mako 6 da 8. Daga nan komai ya koma kan kwano. Ƙungiyar AAFCO ta Amurka, wadda kamfanonin abincin dabbobi da yawa ke bin ma'auninta, ta ƙayyade cewa abincin kwikwiyo kada ya gaza furotin kashi 22.5 cikin 100 da maiƙo kashi 8.5, in an cire ruwan da ke ciki, alhali babban kare kashi 18 na furotin da 5.5 na maiƙo sun ishe shi. Wannan bambanci ne ya sa abincin manyan karnuka, komai kyansa, ba ya wadatar da kwikwiyo. Zai ƙoshi, cikinsa ya yi tirtsitsi, amma jikinsa yana cikin yunwar abin da zai gina kansa da shi.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen ƙashi. Mutane da yawa suna ganin gata ne a riƙa ba kwikwiyo nama zalla daga kwata, huhu da hanta da tumbi, tunda kare mai cin nama ne. Tsoka da kayan ciki suna da sinadarin fosfaras da yawa, kalsiyam kuma kaɗan ƙwarai. In aka ɗora kwikwiyo a kansu kawai, jikinsa zai riƙa zaro kalsiyam daga ƙashinsa domin ya cike giɓin da ke cikin jini, sai ƙafafu su lanƙwashe, ya fara ɗingishi, wani lokaci ƙashi ya karye daga ɗan tsalle kawai. Wanda ya ji wannan kuma ya ruga ya sayo ƙwayoyin kalsiyam ya riƙa barbaɗa wa abincin da dama cikakke ne, shi ma ya faɗa wani ramin. Kwikwiyo ɗan ƙasa da wata 6 hanjinsa bai iya taƙaita kalsiyam ɗin da yake tsotsa ba, kuma binciken da aka yi a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan a kan karnukan Great Dane ya nuna yawansa yana gurɓata girman gaɓoɓi. Shi ya sa ma'aunin AAFCO ya sa iyaka ta sama, kashi 1.8 cikin 100, ga kwiyakwiyan da za su kai kilo 32 ko fiye in sun girma. Duk mai kiwon irin waɗannan manyan karnuka ya nemi buhun da aka rubuta cewa na kwikwiyon babban jinsi ne, kuma kada ya ƙara masa komai sai da izinin likitan dabbobi.

Karanta buhu bai tsaya ga hoton kare mai sheƙi da ke gaba ba. A juya bayansa a nemi jimlar da ke cewa abincin cikakke ne ga mai girma ko ga kowane matakin rayuwa, a duba ranar lalacewa, a duba lambar rajistar NAFDAC, a kuma tabbatar buhun bai huje ba. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci a ƙasa mai zafi. Maiƙon da ke jikin busasshen abinci yana ɓaci in ya sha rana, damina kuma tana kawo funfuna. Funfunar masara da gyaɗa tana fitar da gubar afalatoksin, wadda ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. A ƙarshen 2020 an janye abincin Sportmix daga kasuwannin Amurka saboda wannan guba, kuma hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta samu rahoton mutuwar karnuka fiye da 100. In haka ta faru a inda ake sa ido sosai, to abincin da aka farke buhunsa ana aunawa a kwano a bakin titi, ba suna ba kwanan wata, abin gudu ne. Gara ƙaramin buhu da zai ƙare cikin wata guda ko mako shida, a ajiye shi a mazubi mai murfi, a inuwa, nesa da ƙasa.

Akwai mai cewa duk wannan ƙaƙale ne, ai karnukanmu na gida tun kaka da kakanni ƙanzo da ragowar tuwo suke ci, ga su nan suna kama zomo da gada. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Kare yana narkar da hatsi sosai, kuma wani bincike da masana a Jami'ar Uppsala ta Suwidin suka fitar a 2013 ya nuna karnuka sun fi kyarkeci ƙwayoyin halittar narkar da sitaci, sakamakon daɗewar zamansu da mutane. Don haka gero da shinkafa da masara ba su ne abokan gaba ba, kuma ba dole ne a biya ƙarin kuɗi don abincin da ake tallatawa da cewa babu hatsi a cikinsa ba. Amma karen ƙauye ba tuwo kaɗai yake rayuwa a kai ba. Yana yawo, yana kama ɓera da ƙadangare da fara, yana samun rabonsa ranar farauta, kuma ƙaramin jiki gare shi. Sannan waɗanda suka rayu ne muke gani, 'yan uwansu da suka mutu kafin su kai wata uku ba mai lissafa su. Karen da ke ɗaure a keji, wanda zai kai kilo 40 ko 60, ba shi da wata hanyar cike giɓi. Ga kuma miyar da ke bin tuwon: albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, gishiri da barkono suna dama masa ciki, dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda hanji, cakulan da goro kuma suna ɗauke da sinadaran da ke iya rikita bugun zuciyarsa.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, wato tsada. Yawancin abincin buhu daga waje ake shigo da shi, farashinsa yana bin dala, kuma ba kowane gida ne zai iya jurewa ba. Dafa wa kwikwiyo abinci a gida halal ne kuma yana yiwuwa, da shinkafa ko gero, da dafaffen ƙwai, da kifi ko nama, da ɗan kabewa ko karas, ba albasa ba kayan yaji. Sai dai daidaita kalsiyam da sauran sinadarai da ido abu ne mai wuya, kuma a lokacin girma ne kuskure ya fi tsada. Mafita mai ma'ana ita ce a ɗauki tsarin girkin a kai wa likitan dabbobi ya auna shi, a asibiti mafi kusa ko asibitocin koyarwa irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da na Sakkwato da Maiduguri. In kuɗin bai isa a yi ta sayen buhu har abada ba, a kashe shi a shekarar farko, a koma girkin gida bayan ƙashi ya ƙosa. Madarar shanu kuwa ba ta maye gurbin nonon karya, domin ta fi shi sukarin madara, ta gaza shi maiƙo da furotin, kuma sau da yawa zawo take jawowa.

Ko da an dace da abinci mafi inganci, zuba shi rana ɗaya a cire tsohon yana iya kwantar da kwikwiyo. Hanjinsa da ƙananan halittun da ke zaune a ciki suna taya shi narkar da abinci sun saba da abin da suke samu kullum, kuma suna bukatar kwanaki kafin su daidaita da sabo. Kamar yaye ne: uwar da ta san abin da take yi tana sabar wa yaro da kunu tun kafin ranar cire shi daga nono. Saboda haka ranar da za a karɓo kwikwiyo, a tambayi mai shi abin da yake ci, a taho da ɗan guzuri, a ci gaba da shi na mako ɗaya ko biyu, domin rabuwa da uwa da sabon wuri kaɗai sun isa su taɓa masa ciki. In lokacin sauyi ya zo, a ɗauka ludayi huɗu yake ci a zama ɗaya. Kwana biyun farko a sa ludayi ɗaya na sabo da uku na tsoho, kwana na uku da na huɗu biyu da biyu, na biyar da na shida uku na sabo da ɗaya na tsoho, ran na bakwai sabon zalla. In kashinsa ya yi laushi, a koma matakin baya a ƙara kwana biyu ko uku. Kuma kada a haɗa sauyin abinci da ranar allurar rigakafi ko maganin tsutsar ciki, domin in ya rikice ba za a gane musabbabin ba.

Wannan tsari yana da wata fa'ida da ta wuce lafiyar ciki: yana ba mai kare damar bambance ƙaramar damuwa da babbar cuta. Kwikwiyon da kashinsa ya ɗan saki amma yana wasa yana cin abinci, jinkirta sauyi ya ishe shi. Wanda kuwa ya ƙi abinci, ya kwanta lamo, yana amai, yana zawo mai jini da wari mai tsanani, ana zargin cutar fabo ce, wadda ke kashe kwiyakwiyan da ba a yi wa rigakafi ba cikin 'yan kwanaki, kuma asibiti ake kai shi a ranar. Mai sauya abinci duk mako saboda kare ya yi tsirfa yana ɓata wa kansa wannan ma'auni, yana kuma koya wa karen cewa in ya ƙi ci za a kawo wanda ya fi daɗi. A ajiye kwano minti ashirin, in bai ci ba a ɗauke, musamman in an jiƙa abincin da ruwan ɗumi, tunda ƙuda da zafi ba sa jira. Ruwan sha mai tsabta kuwa kada ya yanke dare da rana.

Yawan ci ma yana da tsari: sau huɗu a rana har zuwa wata 3, sau uku har zuwa wata 6, daga nan sau biyu. Jadawalin da ke bayan buhu mafari ne kawai, hannun mai kare shi ne alƙali. A shafa gefen ƙirjinsa, in ana jin haƙarƙari ba tare da an danna ba, kuma ba a ganinsa a fili daga nesa, ƙugu kuma ya ɗan shiga in an kalle shi daga sama, to ma'aunin ya yi. Ƙiba a kwikwiyon babban jinsi ba alamar gata ba ce, nauyi ne a kan gaɓoɓin da ba su gama ƙwari ba. Ƙananan karnuka suna komawa abincin manya tsakanin wata 9 da 12, manyan jinsi kuma tsakanin wata 12 da 18, wasu har wata 24, kuma shi ma wannan sauyin cikin mako guda ake yin sa. Malaman fiƙihu sun halatta riƙe kare don farauta da kiwo da tsaron gona, kuma addini ya ɗora wa duk wanda ya tsare dabba nauyin ci da shanta. Wanda ya ɗaure kwikwiyo ya hana shi nema wa kansa, ya ɗauki amanar cikinsa gaba ɗaya. Don haka kafin a biya kuɗin kare, a fara lissafa kuɗin kwanonsa na shekara guda, in lissafin bai fita ba a nemi ƙaramin jinsi ko karen gida wanda aljihu zai iya riƙewa.