Kyanwar Gida Amana Ce: Abin da Ya Kamata Mu Shirya Kafin Mu Kama Hanya

 

Ya ku 'yan'uwa masu karatu, duk wanda ya daɗe a Libreville ya san yadda gidajenmu kan yi tsit da zarar watan Yuli ya kama. Ruwan sama ya ɗauke, makarantu sun tashi, sai iyalai su ɗaure kaya. Wasu su nufi arewa zuwa Oyem da Bitam da Minvoul, inda Hausawa suka kafa unguwanni tun fiye da shekara 100 da suka wuce. Wasu su ƙetare iyaka ta Kyé-Ossi su shiga Kamaru, wasu su hau jirgin ƙasa a Owendo, wasu kuma su tashi daga filin jirgin sama na Léon Mba su nufi Kano ko Yamai. Haka nan idan lokacin aikin Hajji ya zo, akwai gidajen da kan yi kusan wata guda a kulle. A cikin hidimar tafiya akan tuna da tsaraba, da kuɗin haya, da takardu, da makullin shagon Mont-Bouët. Wanda aka fi mantawa da shi shi ne wanda ba ya iya buɗe baki ya tunatar da kowa, wato kyanwar gida.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami

Bara, wani gida daga cikin gidajen ƙungiyarmu ya yi tafiyar mako biyu. Uwargida ta ji tsoron kada kyanwarsu ta ɓata ko ta ci gubar ɓera a maƙwabta, sai ta rufe ta a ɗakin girki, ta cika kwano da ruwa, ta zuba shinkafa da busasshen kifi a faranti. Nufinta alheri ne. Amma kyanwar ta kifar da kwanon, shinkafar kuma ta lalace. Maƙwabta sun yi kwanaki suna jin kukanta, babu mai makulli, wayar maigida kuma ba ta shiga. Ranar da aka yi shawara aka ɓalle kwaɗon, an tarar da ita ba ta iya tsayuwa, kuma ba ta ƙara kwana biyu ba. Da maigidan ya dawo, sai ya je wurin ɗaya daga cikin malamanmu ya ce: "Allah gafarta Malam, shin akwai alhakinta a kanmu?" Malam ya ce masa: "Alhaji, ku nemi gafarar Allah, ku yi sadaka, sa'an nan ku faɗa wa 'yan'uwa don kada a sake." Da izininsu muka kawo labarin, ba don tona asiri ba.

Matsayin kyanwa a addininmu

Babu Musulmin da bai ji hadisin nan na Bukhari da Muslim ba, na matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu: ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Mu lura da kyau, hadisin bai ce matar ta doke ta ko ta jefe ta ba. Laifinta tsarewa ne tare da hana abinci, kuma wannan shi ne abin da kulle ƙofa kan haifar ko da babu mugun nufi.

A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ruwaito yadda sahabi Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar alwalarsa har ta sha, ya kuma bayyana cewa Manzon Allah (SAW) ya hukunta kyanwa ba najasa ba ce, domin tana cikin masu kai da komo a cikin gidajenmu. Sahabin da ya fi kowa yawan ruwayar hadisi ma, Abu Huraira, ya sami laƙabinsa ne daga 'yar kyanwar da yake ɗauka. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun wajabta wa mai dabba ciyar da ita idan ba ta da inda za ta yi kiwo, har masu sharhin Mukhtasar na Shehu Khalil suka ce kyanwar da ta makance a gidan mutum, ta kasa fita neman abinci, ciyar da ita yana wuyansa. Tarihi kuma ya nuna Sarki Baibars, wanda ya mulki Masar daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin wani lambu don ciyar da kyanwoyin Alƙahira marasa gida. Ashe ke nan wannan magana ba baƙuwa ba ce a wurinmu, tafiya kuma ba ta sauke nauyin da shari'a ta ɗora.

Kwana nawa za ta iya zama ita kaɗai?

Mutane kan ce ai kyanwa ba ta mutuwa da yunwa, za ta kama ɓera. Wannan gaskiya ce game da kyanwar ƙauye mai yawo tsakanin rumbuna. Wadda ta tashi a gidan bene, ta saba da faranti, ba haka take ba. Lafiyayyar babbar kyanwa za ta iya kwana ɗaya ita kaɗai idan an bar mata abinci da ruwa. Abin da ya wuce haka, lalle ne wani ya riƙa leƙa ta kowace rana.

Dalilan a bayyane suke. Kyanwa mai nauyin kilo 4 tana bukatar ruwa kimanin kofi ɗaya a yini, kuma ƙishirwa ta fi yunwa saurin kisa. Idan ta yi 'yan kwanaki ba ta ci ba, musamman mai ƙiba, kitse yakan taru a hantarta, ciwon da kan kai ga halaka. Muzuru kuwa yakan gamu da toshewar mafitsara, wanda idan ba a kai shi wurin likitan dabbobi ba zai iya mutuwa cikin kwana biyu ko uku. Duk waɗannan sai da idon mutum ake ganinsu.

Yanayin garinmu ma yana da nasa hukunci. Zafi da laima sukan lalata dafaffen abinci cikin 'yan sa'o'i, busasshen abincin kanti kuma, wanda ake kira kuroket, yakan yi fumfuna idan aka bar buhunsa a buɗe. A zuba shi a mazubi mai murfi, a ɗora farantin a cikin wani faffaɗan faranti mai ɗan ruwa saboda tururuwa. Kada a dogara ga firji, domin wuta takan ɗauke. A ajiye ruwa a kwano biyu masu nauyi a wurare dabam-dabam, a kuma riƙa sauya shi kullum. Waɗanda suka ga annobar zazzaɓin cikungunya a Libreville a shekarar 2007 sun san cewa sauron da ke yaɗa ta a irin wannan ajiyayyen ruwa yake hayayyafa.

Wa za a ba amanar?

Kyanwa ta fi sabawa da wuri a kan mutum, saboda haka abin da ya fi shi ne a bar ta a gidanta, a sami mai zuwa. Kai ta baƙon gida yakan sa ta ƙi cin abinci, ko ta gudu tana neman hanyar komawa. Idan dole ne a kai ta, a tafi da tsummar da take kwanciya a kai da farantinta, a tsare ta a ɗaki guda na 'yan kwanakin farko har ta natsu.

Wajen zaɓen mai kula, a nemi babban mutum guda, a ambace shi da sunansa. Cewa "yaran maƙwabta za su duba ta" bai isa ba, domin aikin da aka bar wa kowa babu mai yinsa. A tambaye shi tun da sauran mako guda ko biyu, kada a ɗora masa a bakin mota inda kunya za ta hana shi ƙi. A kuma tabbata ba ya ƙyamar kyanwa, domin a cikinmu akwai masu tsoronta, musamman baƙa, saboda camfin da ba shi da tushe a addini. Ya zo gida sau ɗaya ko biyu tun masu gida suna nan, ya ba ta abinci da hannunsa. A ba shi makulli, a bar wani makullin a hannun mutum na biyu, ko da ciwo ko tafiyar gaggawa za ta same shi.

Sa'an nan a rubuta takarda, da Hausa ko da Faransanci, a manna ta a ƙofar ɗakin girki: yawan abinci da lokacinsa, inda take ɓuya, lambar wayar likitan dabbobi, da lambar wani ɗan'uwa a garin da za a sauka. A rubuta ƙarara cewa ba a ba kyanwa farasitamol, domin ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Ba a ba ta ragowar miya mai albasa da tafarnuwa, domin suna lalata mata jini, madara kuma takan sa yawancin manyan kyanwoyi zawo. A nuna masa akwatin yashin da take bayan gida a ciki, a roƙe shi ya riƙa kwashewa kullum. A ɗauke gubar ɓera da maganin ƙwari, a tokare ƙofofin ciki don kada iska ta rufe ta a ɗaki. Tun kafin tafiya a yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare, saboda ita da kuma mai kula da ita. Idan tana da ciki, a sani cewa cikin kyanwa kwana 63 zuwa 65 ne, a ƙirga, a faɗa masa gaskiya.

Kada a bar wa mai kula nauyin aljihu. A sayi abincin da zai wuce kwanakin tafiyar, a bar masa kuɗin mota da na magani, idan kuma mai gadi ne ko ɗalibi, a yanka masa lada tun farko. A fiƙihunmu, wanda aka ba ajiya ba ya biya sai idan ya yi sakaci. Saboda haka idan ƙaddara ta faɗa wa dabbar alhali ya yi iyakar ƙoƙarinsa, kada a ɓata maƙwabtaka.

Idan tafiyar ta ƙaura ce

Wanda zai bar Gabon gaba ɗaya ya nema wa kyanwarsa gida tun da wuri. Jefar da ita a bakin kasuwa ko juji cin amana ne. Mai son tafiya da ita kuwa ya fara shiri da watanni. Faransa, alal misali, tana bukatar a dasa wa kyanwa 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, a yi mata allurar haukan kare, a gwada jininta bayan aƙalla kwana 30, sa'an nan a jira wata 3 kafin ta shiga ƙasar.

Muna ba da shawara gidajen kowace unguwa, daga Akébé zuwa Nzeng-Ayong da Lalala, su riƙa yin karɓa-karɓa: wanda ya zauna bana ya duba na wanda ya tafi, baɗi a rama masa. A sa yara su raka manya wajen wannan aiki, domin yaron da ya koyi tausayin dabba ya fara koyon riƙon amana.

Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo da su lafiya, Ya ba mu ikon sauke haƙƙin duk wani mai rai da ke ƙarƙashin kulawarmu. Amin.